Wadda ta karanta kemistari ko injiniyanci, ina matsayinta a masana'antar magani?

Rabi'atu, Jekadafari:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na zo gida Gombe hutun Sallah, kuma a cikin kwana goman da na yi, 'yan mata uku ne suka same ni a lokuta daban-daban da magana iri ɗaya. Dukkansu likitanci ko famasi suka nema, sai aka ba biyu kemistari, ta ukun kuma aka ba ta injiniyancin sinadarai a Bauchi, kuma kowace a cikinsu tana zuwa aji ne da zuciyar wadda aka hana abin da take so. Ɗaya ta ce mini tun daga aji ɗaya ta fid da rai daga duk wani aiki da ya shafi lafiya. Wannan maganar ce ta hana ni barci, domin ni ma kemistari na karanta, kuma shekara tara ke nan ina cin abinci a sashen tabbatar da inganci na wani kamfanin magani a jihar Ogun.

Bari in faɗi abin da idona ke gani kullum. Ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 da ake saya a kowane kemis daga Pantami har Bolari, kafin garin sinadarinta ya shiga ɗakin haɗi, sai an killace shi a sito, an ɗebo samfur an kawo mana. Mu ne za mu tabbatar cewa abin da aka rubuta a jikin duro shi ne a cikinsa, da yawan danshin da ke ciki, da ko wani baƙon sinadari ya gauraya da shi. Bayan an cuɗa shi da sitaci da sauran abubuwan da ke riƙe ƙwaya, injin ya buga ta, sai ta sake dawowa hannunmu, mu auna nauyinta da taurinta, mu ga minti nawa take yi kafin ta watse a ruwa, sannan mu sa ta a na'urar HPLC, mai ware sinadarai tana auna yawan kowanne, mu ga ko miligiram 500 ɗin nan da gaske suna ciki. Ranar ƙarewar aiki da kuke karantawa a jikin kwali ma ba da ka ake rubuta ta ba. Ana ajiye maganin a cikin akwati mai zafin digiri 30 da danshi kashi 75 cikin 100 na tsawon watanni har shekaru, wani kuma a digiri 40 na wata shida, ana cirowa ana gwadawa lokaci bayan lokaci. Duk wanda ya san zafin Gombe a watan Afrilu zai gane dalilin wannan wahala.

A ɗakin gwajinmu mafi yawan masu wannan aiki kemistari ko ilimin ƙananan halittu suka karanta, kuma mata ba kaɗan ba ne a ciki. Abin da ya dame ni shi ne a tsawon shekarun nan ban taɓa karɓar takardar neman aiki ko ta sanin makamar aiki daga 'yar Gombe ko 'yar Bauchi ba. Ina so mu tattauna dalili.

Asma'u, ɗalibar aji uku:
Wa alaikumus salam Adda Rabi. Ina cikin waɗanda wannan magana ta shafa kai tsaye. Tambayata ita ce, idan na gama kemistari ina son shiga harkar magani, dole ne sai na koma na sake karatun famasi daga farko? A gida an ce mini in daure in gama wannan, sannan in sake neman gurbi a tsangayar famasi ta Jami'ar Jihar Gombe, amma idan na lissafa shekarun sai gabana ya faɗi.

Famasis Usman, Bauchi:
Kafin Malama Rabi'atu ta amsa, ina roƙon a ba ni dama in ja layi guda, domin kada kyakkyawar niyya ta jefa yaranmu cikin kuskure. Akwai ayyukan da doka ta keɓe wa wanda ya karanta famasi, ya yi shekarar horo, ya kuma yi rajista da PCN, hukumar da ke kula da sana'ar famasi, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Buɗe babban shagon magani, da karanta takardar likita a ba marar lafiya magani, da ɗaukar alhakin masana'anta a gaban hukuma, duk na famasis ne. Digirin kemistari, komai kyawun sakamakonsa, ba ya ba mutum wannan izini. Ina faɗin haka ne saboda na sha ganin waɗanda suka gama kimiyya suka rasa aiki, sai su buɗe kemis a unguwa, a wayi gari suna yin allura suna ƙarin ruwa, alhali lasisin kemis na sayar da ƙananan magunguna ne kawai. Idan wannan ake nufi da shiga harkar magani, ba na goyon baya ko kaɗan.

Saboda haka Asma'u, 'yata, amsar ta dogara da abin da kike so. Idan burinki ki zauna da marar lafiya ki ba shi magani a asibiti, to sai kin koma famasi. Idan kuwa burinki ki kasance cikin masu yin maganin da gwada shi, karatun da kike yi yanzu ya isa ya buɗe miki ƙofa.

Rabi'atu, Jekadafari:
Na gode Malam Usman, kuma ban saɓa maka a kalma ko ɗaya ba. A kamfaninmu ma famasis ne ke riƙe da lasisin wurin, kuma muna girmama wannan iyaka. Abin da nake so Asma'u da ƙawayenta su gane shi ne nauyin da ke kan mai gwaji ba ƙarami ba ne, kuma ƙasar nan ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da shi.

Da yawa a nan za su tuna maganin haƙoran yara mai suna My Pikin a ƙarshen 2008, wanda ya yi sanadin mutuwar yara 84. Abin da ya faru shi ne akwai wani ruwa da ake narkar da magani a cikinsa idan za a yi sirof, mai suna furofilin gilaikol, sai wani ɗan'uwansa mai guba, dayetilin gilaikol, wanda ake amfani da shi a man birki da makamantansa, ya shiga cikin haɗin. Su biyun ruwa ne garai-garai, masu ɗan kauri, masu ɗan zaƙi, ido ba ya bambanta su, amma na biyun yana kashe ƙoda. Wannan gubar ce ta kashe yara fiye da ɗari a Jos da Ibadan a 1990 ta cikin sirof na farasitamol, ita ce kuma ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta cikin magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Likita ba zai iya tare wannan ba, domin kafin yaro ya iso gare shi fitsari ya riga ya ɗauke. Wadda za ta tare shi ita ce mai kemistarin da ta ɗebi samfur daga kowane duro, ta gwada, ta ce wannan ba zai shiga ba, ko da manaja yana tsaye a kanta yana cewa injin na jira. Na taɓa mayar da kaya irin haka, an yi fushi da ni na mako guda, kuma ban yi nadama ba.

Alhaji Bappa, Kumo:
Assalamu alaikum. Ni ba masani ba ne, uba ne mai 'ya'ya mata biyu a jami'a, ɗaya kuma injiniyanci take yi. Na karanta bayananku da natsuwa, kuma na ƙaru, amma akwai abin da ba ku taɓo ba, wanda shi ne ke gaban kowane uba. Rabi'atu, ke da bakinki kin ce a Ogun kike aiki. Waɗannan masana'antu ina suke? Legas, Ota, Shagamu, Ilori, Anambara. Daga Gombe zuwa Legas tafiyar yini da kwana ce a mota. Ta yaya zan ɗauki budurwa in aika ta garin da ba mu da kowa, ta kama haya ita kaɗai, a kan albashin farko da wataƙila kuɗin ɗaki da na mota za su cinye? Idan kuma ta yi aure a nan, wane miji ne zai tashi ya bi ta? Muna da kamfanin siminti a Ashaka, an kuma ƙaddamar da aikin man Kolmani a 2022 tsakaninmu da Bauchi, kuma duk suna buƙatar masu irin wannan karatu. Ban ga laifin uban da ya ce 'yarsa ta sa ido a kan na kusa ba. Ba ƙin ci gaba ne ya sa 'ya'yanmu ba sa aiko muku da takarda ba, nisa ne da amana.

Injiniya Hadiza:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce, kuma ita ce mahaifina ya faɗa lokacin da na gama injiniyancin sinadarai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, bautar ƙasa ta kai ni jihar Kwara. Ba zan rage komai daga wahalar ba. Albashin farko bai taka kara ya karya ba, akwai aikin dare, kuma shekara biyu na yi ina zaune a gidan wata baiwar Allah 'yar Azare da mijinta ke kasuwanci a can, wadda mahaifina ya je da kansa ya damƙa ni a hannunta. Ba don ita ba da ban zauna ba.

Amma ina so in bayyana abin da na samu a waɗannan shekaru. A masana'antar da ke yin ledar ƙarin ruwa na yi aiki, kuma a irin wannan wuri ruwa shi ne komai. Ruwan rijiyar burtsatse sai ya bi matakai na tacewa da cire gishiri da tafasawa a tattara tururinsa, sannan a riƙa zagaya da shi cikin bututun ƙarfe da zafi ba tare da ya tsaya ba, domin da zarar ya kwanta a wata kusurwa ƙwayoyin cuta za su yi gida. Iskar ɗakin cikawa ma sai an tace ta, an kuma sa ƙarfinta ya fi na ɗakin da ke waje, yadda idan an buɗe ƙofa iska za ta fita ne, ba ta shigo da ƙura ba. Lissafin zafi da gudun ruwa da muka sha wahalarsa a aji uku, a can na ga amfaninsa da idona. Masu injiniyancin lantarki da na injina ma suna da wurinsu, domin injin buga ƙwaya da tukunyar tururi da na'urorin auna zafi duk sai da su. Wannan ba sabon abu ba ne ga mata. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka rasa yadda za a samar da fenisilin mai yawa, wata injiniyar sinadarai a Amurka, Margaret Hutchinson Rousseau, wadda ta sami digirin dakta a 1937, ita ce ta tsara masana'antar farko da ta riƙa noma shi a cikin manyan tankuna.

Akwai kuma tambayar da 'yan'uwa mata ke yi mini a ɓoye, gara in amsa ta a fili. Suturar ɗakin haɗi tana rufe mutum daga kai har ƙafa, da hula da takunkumi da safar hannu, kuma ɗakin sauya kaya na mata daban yake. Hijabin da kika zo da shi daga waje ba zai shiga ba saboda ƙura, amma abin da za ki sa a madadinsa ya rufe ki ruf. Ba a shiga da 'yan kunne ko awarwaro ko kwalliya ko turare. Lokacin da na sami juna biyu na sanar da wuri, aka ɗauke ni daga inda ake taɓa sinadarai masu tashi a iska, aka mayar da ni sashen takardu, kuma ina ba kowace mace shawara kada kunya ta sa ta ɓoye wannan.

Game da nisa kuma, Baba, ba kowace hanya ce ke bi ta Legas ba. Akwai masana'antun magani a Kano. NAFDAC tana da ofis a kowace jiha, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna da Maiduguri. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, tana Idu a Abuja. Cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda ke yin rigakafin dabbobi, tun 1924 take, kuma daga Bauchi ba wata tafiya ba ce. Ni kaina yanzu a Arewa nake aiki, kuma abin da ya sa aka ɗauke ni shi ne shekarun da na yi a can.

Malam Sa'idu, Tudun Wada:
Ina jin daɗin muhawarar, sai dai ina da shakka ta wani ɓangare. A watan Agustan 2023 babban kamfanin magani na GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya bayan fiye da shekara 50, kafin ƙarshen shekarar Sanofi ma ya bi sahu. Tsadar dala da ta man dizal sun durƙusar da masana'antu da yawa, kuma kowa ya ga yadda farashin magani ya tashi. Shin adalci ne mu tura 'ya'yanmu sana'ar da manyanta ke tattara kayansu? Ina tsoron kada mu cika musu kunne da buri, su gama su tarar babu gurbi.

Rabi'atu, Jekadafari:
Malam Sa'idu, tsoronka yana da tushe, kuma ba zan ce gurabe na jiran kowa ba. Mu da ke ciki mun ga wata biyu da injin ya tsaya saboda kayan haɗi sun maƙale a tashar jiragen ruwa. Amma mu duba abin da ficewar nan ta tona. Kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su, kuma ko waɗanda muke bugawa a nan, garin sinadarin da ke warkarwa kusan duka daga Indiya da Sin yake zuwa. Lokacin korona, da Indiya ta taƙaita fitar da wasu daga cikinsu, mun ji a jikinmu. Mutane kuwa ba za su daina zazzaɓi ba don wani kamfani ya tafi, saboda haka kamfanonin gida ne ke cike gurbin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku na ƙwarewa, a 2023 ta amince da ƙwayar zinki ta kamfanin Swipha na Legas, wadda ake ba yara masu gudawa, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ba da umarnin cire haraji a kan injina da kayan haɗin magani. Emzor, wanda mace ce ta kafa shi, Stella Okoli, ya sa hannu a gina masana'antar sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro a Shagamu. Yin shi kansa sinadarin kuwa, daga tukunyar haɗi zuwa tacewa da busarwa, tsantsar aikin mai kemistari ne da injiniyar sinadarai. Duk lokacin da hukuma ta tsananta ƙa'ida, kamfani na buƙatar ƙarin masu gwaji, domin ba zai sayar da komai ba sai da sakamakonsu.

Dakta Maryam, malamar jami'a:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, domin wani ɓangare na laifin namu ne mu malamai. Shekara da shekaru ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna maimaita bincike iri ɗaya: a samo ganyen zogale ko ɓawon maɗaci, a jiƙa, a ɗiga wasu sinadarai, launi ya canza, a rubuta cewa akwai kaza da kaza a ciki, a ɗaure littafi a ajiye. Ba a auna yawan abin ba, ba a ware shi ba, ba a tambayi ko ganyen damina da na rani ɗaya suke ba. Na san dalili, domin a sashenmu ma akwai na'urar da ta shekara uku a lulluɓe saboda rashin wani ƙaramin kayan gyara da rashin tsayayyar wuta. Amma rashin na'ura bai hana a koya wa yarinya yin awo na gaskiya, da maimaita shi sau uku, da rubuta abin da ta gani ko da bai yi daɗi ba.

Ina ba ɗalibaina mata labarin Tu Youyou ta ƙasar Sin. An daɗe ana tafasa wani tsiro ɗan'uwan tazargade ana gwadawa a kan zazzaɓin cizon sauro, sakamakon yana zuwa yana ɓacewa. Da ta koma wani tsohon littafin maganin gargajiya ta ga an ce a jiƙa shi a ruwa a matse, sai ta gane cewa zafi ne ke lalata sinadarin, ta canza zuwa hanyar tatsa marar zafi a 1971. Daga nan aka sami atemisinin, wanda shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin da ake ba 'ya'yanmu a yau, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Tsiron yana nan tun da can, abin da ya canza shi ne yadda aka tatse shi. Haka Gertrude Elion, wadda digiri na biyu kawai take da shi a kemistari, aka yi ta hana ta aikin bincike don tana mace har ta yi aikin gwada kayan abinci, daga baya ta haɗa maganin sankarar jinin yara da wanda ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, ta karɓi Nobel a 1988.

A gida ma muna da misali. Maganin sikila mai suna Niprisan da NIPRD ta samar ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, daga haɗin gargajiya ya fito, kuma cikin abubuwa huɗun da ke cikinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen karan dafi, waɗanda kowace uwa a nan ta san su. Sannan ku dubi Kaltungo. Asibitin saran maciji na can yana karɓar manoma da makiyaya daga jihohi da dama, akasari saran kububuwa, wadda mutanenmu ke kira gobe da nisa. Maganin dafin da ake kira EchiTAb daga dafin macizanmu aka samar da shi, amma sai da aka kai macizan Libaful a Ingila aka tatsa, aka yi wa tumaki da dawakai allura a Birtaniya da Kosta Rika, aka tace jininsu, sannan maganin ya dawo mana da kuɗin waje. Duk lokacin da ya yanke, a Kaltungo da Ɓilliri da Balanga ake binne mutane. Ware sinadarin kariya daga jinin doki da tsarkake shi aiki ne na masu kimiyyar sinadaran jiki da injiniyoyi, kuma ina fatan ranar da za a fara yin sa a ƙasar nan a sami 'ya'yan Tangale da Waja da na Gombe a cikin ɗakin.

Ko ba a kai can ba, ƙwaya ba sinadarin warkarwa kaɗai ba ce. Sitacin da ke cikinta daga masara ake yin sa, ƙaro yana cikin abubuwan da ake ɗaure ta da su, farar ƙasa irin ta Alƙaleri ma tana shiga wasu magunguna. Muna noma masara, muna da ƙaro, muna haƙar farar ƙasa, amma wanda ya kai matsayin shiga magani yawanci shigo da shi ake yi, saboda ba mu tsarkake namu ya kai ƙa'ida ba. Ɗalibar da ta ɗauki sitacin masarar Gombe ta tsarkake shi, ta gwada shi da ƙa'idar littafin magunguna, ta yi binciken da kamfani zai karanta.

Asma'u, ɗalibar aji uku:
Na gode Malama, na gode Adda Rabi da Anti Hadiza. Zangon karatu mai zuwa za mu fita aikin sanin makamar aiki na wata shida, kuma yawancin 'yan ajinmu sun riga sun shirya kai takardarsu inda za a sa musu hannu kawai su zauna a gida. Ni ma da haka na yi niyya. Yanzu idan ina son in yi shi a inda ake gwada magani, me zan fara yi, kuma me ake so in iya kafin in je?

Rabi'atu, Jekadafari:
Ƙanwata, wata shidan nan su ne ƙofar, kuma yawancin waɗanda muka ɗauka aiki a sashenmu ta nan suka fara shigowa ko ta bautar ƙasa. Ki karɓi takardar makaranta da wuri, ki aika wurare da yawa tun wata uku kafin lokaci, kada ki jira wuri ɗaya, ki kuma rubuta a fili cewa ɗakin gwaji ko sashen haɗi kike so, domin in ba haka ba za a iya ajiye ki a ofis. Ba a sa ran ɗaliba ta iya HPLC, za a koya miki. Abin da ake dubawa shi ne ko kin iya amfani da sikeli mai auna miligiram, ko kin iya haɗa ruwan gwaji mai ƙarfin da aka ce ba tare da an yi miki lissafi ba, da kuma ko hannunki ya zauna a titireshan, wato auna ƙarfin sinadari ta hanyar ɗiga masa wani kaɗan-kaɗan. Ki koyi Excel sosai. Ki nemi ƙa'idojin kyakkyawan tsarin haɗa magani da NAFDAC ta wallafa a shafinta, kyauta ne, ki karanta ko da rabi za ki gane.

Abu mafi wuya ga sababbi shi ne rubutu. A wurinmu duk awon da aka yi ana rubuta shi nan take da biro, da kwanan wata da sa hannu. Idan kin yi kuskure ba a gogewa, layi ɗaya za ki ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, ki rubuta daidai a gefe, ki sa hannu. Wanda aka kama ya gyara lamba don sakamako ya yi kyau, ranar zai bar aiki. Bayan kin gama digiri sai ki nemi rajista da hukumar ICCON ta masu kemistari, daga baya kuma IPAN ta masu gwada ingancin kaya idan kin zaɓi aikin gwaji, 'yan injiniyanci su kuma COREN.

Famasis Usman, Bauchi:
Ina ƙara abu ɗaya. Duk wadda ta shiga masana'anta daga kemistari, ta zauna da famasis na wurin ta koyi abin da maganin ke yi a jiki, domin wadda ta san cewa ɗan bambanci kaɗan a maganin farfaɗiya na iya kayar da yaro, ba za ta kalli lambar da ke gabanta da wasa ba. Idan akwai ɗalibai a Bauchi da ke son ganin yadda ake ajiye magani da rigakafi cikin sanyi, zan iya karɓar biyu a wurin aikina.

Alhaji Bappa, Kumo:
Na karanta duka, har na ba 'yata ta karanta, kuma mun yi magana da mahaifiyarta. Ban canza ra'ayi a kan Legas ba, ba zan aika ta can ita kaɗai ba. Amma wata shida a Kaduna ko Abuja, inda nake da ƙane da iyalinsa, wannan zan iya. Hadiza, 'yata, ina so ki gaya mini ko mai injiniyancin sinadarai za ta sami abin koyo a irin waɗannan wurare, ko kuwa sai masana'anta. Idan sai masana'anta ne, to a duba mana Kano.

Injiniya Hadiza:
Baba, ɗakin gwaji zai amfane ta, amma ga mai injiniyanci masana'anta ta fi, domin a can ne za ta ga tukunyar tururi da tsarin ruwa da na iska suna aiki. Kano ta fi dacewa da ita. Zan tambayi wata abokiyar karatuna da ke can ko suna karɓar ɗalibai a bana, da kuma inda 'yan mata ke sauka, in sanar da kai kafin Juma'a in sha Allahu.

Rabi'atu, Jekadafari:
Ni kuma ranar Alhamis zan koma. Asma'u, ke da sauran biyun ku same ni a gida ranar Laraba bayan la'asar, ku zo da sakamakonku da takardar makaranta mu rubuta wasiƙun tare. Idan Inna za ta samu zuwa, ku zo da ita, domin tambayoyin masauki da tafiya gara ta yi mini su da bakinta.